An mayar da motar haya, kamfani ya aiko da bil ɗin ɓarna: a biya ko a ja?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Tambayar nan ta yi ta dawowa daga 'yan'uwa mazauna Birtaniya da suka ɗauki mota a hayar shekara biyu zuwa huɗu, wadda ake kira PCH, da kuma masu PCP, wato sayen mota da biyan wata-wata, da suka zaɓi mayar da mota maimakon biyan dunƙulen kuɗin ƙarshe. An zo an ɗauki mota, an rabu lafiya, bayan sati biyu sai ga imel: rim biyu sun gurje, ƙofar baya ta lotsa, bamba ta kwarzane, a biya, a ce, fam 700. Me mutum zai yi? Masu sani su taimaka.

Abu Ammar: Wa alaikumus salam. Kafin a yi fushi, a ɗauko takardar yarjejeniya a nemo inda aka yi maganar mayar da mota. Mafi yawan manyan kamfanonin haya 'yan ƙungiyar BVRLA ne, wato ƙungiyar kamfanonin hayar motoci ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1967, kuma da littafinta suke auna mota. Littafin ya raba abu biyu: tsufan da mota ke yi saboda an hau ta, wanda ba a cajin kowa a kai, da ɓarnar da ta zo daga karo ko sakaci, wadda ake caja. Duk rigimar a tsakanin nan take. Saboda haka wanda ya rubuta musu "motata lafiya lau take, zalunci ne" bai ce komai ba. Wanda ya rubuta "kwarzanen milimita 18 ne, bai kai ƙarfe ba, littafinku ya yarda da 25" shi ya yi magana.

Maman Iman: Malam Abu Ammar, a kawo mana lambobin mana. Ba kowa ke da littafin a hannu ba.

Abu Ammar: To Hajiya, na ƙananan motoci ke nan, don na motocin ɗaukar kaya daban ne. Kwarzane: har milimita 25 an yarda, muddin fentin shimfiɗa ko ƙarfe bai bayyana ba, kuma goge zai iya fitar da shi. Lotsa: har milimita 15, kada ta wuce biyu a fanel ɗaya, wato sashe ɗaya na jikin mota kamar ƙofa ko bonet, kada fenti ya fashe. Amma lotsa a rufin mota, ko a kan layin nan da ya karyo a jikin ƙofa, ba a yarda da ita komai ƙanƙantarta. Ɓantarewar fenti irin ta tsakuwa: har milimita 3 in babu tsatsa, huɗu a fanel, shida a bakin ƙofa, takwas a fanel mai fuskantar gaba kamar bonet. Gurjewar rim: jimillar milimita 50 a duk zagayen bakinsa. Taya kuwa ta cika dokar ƙasa, zurfin zane milimita 1.6, kuma gefenta ba yanka ba kumburi.

Ana sabunta littafin lokaci-lokaci, lambobi sukan motsa. Na rim da na lotsa sun fi haka tsanani a bugun da ya gabata. Ku nemi kamfanin ya ba ku bugun da ya yi aiki da shi.

Ɗan Kurmi: Ni dai a ganina duk wannan ɓata lokaci ne. Motocin nan ba gyara su suke yi ba. Daga ƙofar gidanka kasuwar gwanjo ake wucewa da su, a sayar yadda suke. Wanda bai kashe ko sisi a gyara ba, da wane bakin zai ce in biya kuɗin gyara? A ce su kawo rasit ɗin gareji, magana ta ƙare.

Abu Ammar: Ɗan Kurmi, wannan hujjar ita ta fi kayar da mutane. Gaskiya ne sau da yawa ba sa gyarawa. Amma abin da suke caja diyya ce ta darajar da mota ta rasa, kuma ƙa'idar BVRLA ta fito fili ta ce suna iya caja ko da sun zaɓi kada su gyara. In ka kafa ƙararka a kan "ina rasit", za a amsa maka da layi ɗaya a rufe fayil.

Ɗan Kurmi: To ai shi ke nan, kura ce alƙali a shari'ar akuya. Ƙungiyarsu ce, littafinsu ne.

Abu Ammar: Ƙungiyarsu ce, ban musa ba. Amma littafin nan da suka rubuta ya ɗaure su, kuma akwai wata ƙofar da ba tasu ba. Za a zo kanta.

Mai Fenti: Bari in shigo ta ɓangaren jikin mota, don a nan kuɗin yake. Fentin mota hawa-hawa ne. Ƙarfe a ƙasa, sai fentin shimfiɗa mai ruwan toka, sai launi, sai man sheƙi a sama wanda ba shi da launi. Kwarzanen da ya tsaya a man sheƙi goge ne maganinsa. Gwaji biyu ne. Ka ja farcenka a kai: in bai maƙale ba, sama-sama ne. Ka zuba masa ruwa: in ya ɓace yana jiƙe ya dawo bayan ya bushe, bai ratsa launi ba. In ka ga fari-fari ko toka a cikin ramin, ya kai shimfiɗa, kuma a nan ko milimita 10 ne za a caje ka. A bamba ta roba, baƙi za ka gani.

Inda ake cin mutane shi ne irin gyaran da aka rubuta. Lotsar da ba ta fasa fenti ba, tura ta ake yi daga ciki da sandunan ƙarfe, ba fila ba fenti, aikin ƙasa da awa ɗaya. Kwarzane a kusurwar bamba, wurin kaɗai ake fesawa a saje. Amma sai ka ga an rubuta fentin fanel gaba ɗaya, wani lokacin har da saje fanel na kusa, ko canza bamba ɗungurungum. Ko ɓarnar gaskiya ce, kana da damar tambaya: me ya hana ƙaramin gyara? Canji sai in bamba ta tsage, ko kunnuwan da ke riƙe ta sun karye, ko mazaunin na'urar fakin ya lalace.

Maman Iman: Ta yaya mutum zai auna milimita alhali motar ta tafi?

Mai Fenti: Da hotonsu, Hajiya. Mai dubawa ya kamata ya ɗora ma'auni kusa da kowace ɓarna ya ɗauka. In hoton ba ma'auni, ko ya yi dishi-dishi, ko hasken rana ne ya faɗo a fanel, to ba su nuna girman ba, kuma su ke neman kuɗi, su ya kamata su nuna. A nemi asalin hotunan masu girma, ba ƙananan da aka cusa cikin rahoto ba.

Ga waɗanda motarsu ba ta tafi ba tukuna, ma'auni na aljihunku. Kwabon 10p faɗinsa milimita 24.5, kusan iyakar kwarzane ke nan. Kwabon 5p milimita 18 ne, lotsar da ta cika shi ta wuce iyaka. Gajeren gefen katin banki milimita 54, ya ɗan ɗara iyakar rim. Taya kuma a tsoma 20p cikin zanen, in ana ganin zoben bakin kwabon, a je a auna da ma'aunin gaske a wuri uku.

Bakanike: A ƙara da wannan kan rim. Akwai mai fenti zalla, akwai wanda aka feƙe fuskarsa da inji yana ƙyalli, wanda suke kira yankan daimon. Na biyun ba a gyara shi a bakin titi, sai an cire an ɗora a injin feƙewa, shi ya sa kuɗinsa ya fi. Kuma yana da wata cuta: ruwa da gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi kan shiga ƙarƙashin man sheƙin, sai ka ga farin zane kamar sawun tsutsa. In akwai gurjewa a inda ya faro, laifinka ne. In babu ko ɗigon gurjewa, ya taso daga tsakiya ko gefen ramin noti, wannan matsalar ƙira ce, a kai wa dila tun mota tana cikin garanti a sa a rubuce. Wannan takardar ita za ta cece ka ranar bil.

Sannan milimita 50 ɗin nan ta bakin rim ce kawai. Gurjewa a kan ƙafafun rim ko tsakiyarsa ba ta da rangwame.

Baban Khalifa: Madalla. To ranar da aka zo ɗauka fa? Wasu na cewa kada a sa hannu sam.

Abu Ammar: Ranar nan ce rabin shari'ar. A wanke mota ta bushe, a ajiye ta a fili da rana, don in tana da datti ko ana ruwa sai a rubuta "ba a iya dubawa sosai ba", a bar wa kansu ƙofar ƙara abubuwa daga baya. A ɗauki bidiyo guda ba yankewa, a zagaye ta, a fara da lambar mota a ƙare da mitar tafiya. Sai hotuna: kowane fanel daga gaba da kuma daga gefe, don lotsa a karkace take fitowa, kowane rim, gilashi, kujeru, cikin but, da duk kayan da aka miƙa a shimfiɗe wuri ɗaya. In zai yiwu a sa motar kamfanin ɗaukar ko direban a cikin hoto ɗaya, a san ranar ce.

Sa hannu kuwa, ƙin sawa ba ya hana bil zuwa. Abin da ya fi shi ne a karanta. Yanzu a allon hannu suke kawo rahoton, mutum na sauri ya zana yatsa, alhali ya amince da abu takwas bai gani ba. A ce a buɗe kowane layi. Wanda ba ka yarda da shi ba, a rubuta a wurin sharhi cewa ba ka yarda ba kafin ka sa hannu. In allon ba shi da wurin, ka tura wa kamfanin imel a take motar na tsaye.

Kuma a tambaya: wannan ne binciken ƙarshe, ko za a sake wani a filin ajiya? Wasu direba kawai suke turowa, ainihin dubawar sai mota ta isa filin 'yan gwanjo irin su BCA ko Manheim. Tsakanin ƙofarka da can akwai tafiya, akwai fakin cikin ɗaruruwan motoci. Duk abin da ya bayyana a rahoto na biyu wanda babu shi a na farko, babu shi a hotonka, ba naka ba ne. Ka sa su gefe da gefe, ka nuna kwanan wata da mitar tafiya na kowanne.

Hajiya Gilasgo: Ku maza kun tsaya kan fenti da rim, alhali abin da ke cin kuɗin mutane a banza ƙananan kaya ne. Makulli na biyu. Makullin notin taya. Allon da ke rufe but. Wayoyin caji in mai lantarki ce, duka waɗanda aka kawo ta da su. Safaya da jak, ko kwalbar liƙe taya. Littafin sabis, ko rasit in na kwamfuta ne. Waɗannan ba su da muhawarar milimita, ko akwai ko babu. Makullin zamani sai an saya an kuma haɗa shi da kwamfutar mota, ba arha. Wanda ya tsinci makullin a aljihun wata riga bayan mota ta tafi ya kira su ranar, kafin a sayar da ita.

Sai cikin mota. Ƙuna, yagewa da tabon da ba ya fita duk ana caja. 'Yan'uwa mata, kaskon turaren wuta ba na cikin mota ba ne, ƙwayar garwashi ɗaya ta huda kujera an gama. Manja da lalle ma haka. A kai wa masu wankin ciki tun da wuri.

Bakanike: Gaskiya Hajiya. Sabis ma a kula: a kan lokaci, a irin garejin da yarjejeniya ta ce. Kuma hayar da ta wuce shekara 3, motar na bukatar MOT mai rai, wato takardar gwajin lafiyar mota ta shekara-shekara, ranar mayarwa. Fitilar gargaɗi a dashbod kada a bar ta a kunne. Gilashin gaba in tsakuwa ta sare shi, a duba inshora, yawanci akwai gyaran gilashi a ciki da ɗan kuɗi kaɗan, a ajiye takardar aikin.

Ɗan Kurmi: To ni shawarata, kafin a mayar a kai wa mai gyaran bayan layi ya shafe komai da arha.

Mai Fenti: A'a ɗan'uwa, a yi hattara. Gyara mara kyau shi ma ɓarna ne a littafin: launin da bai saje ba, fenti mai gudu, ƙura a cikin fenti, feshin da ya taɓa roba ko gilashi, alamar yashin goge. Masu dubawa na da na'urar auna kaurin fenti, fanel ɗin da aka sake fesawa ba ya ɓuya. Sai ka biya sau biyu. BVRLA da kanta ta ce a duba mota sati 10 zuwa 12 kafin ranar mayarwa. A wannan lokacin a nemi jadawalin farashin ɓarna na kamfanin, da yawa suna da shi. Wani abin, musamman rim mai fenti da ƙaramar lotsa, cajinsu bai kai na gareji ba, gara a bar musu. Wani kuma gara ka gyara a wurin da zai ba ka rasit da garanti. Alƙalamin shafe ɓantarewa a bonet ba laifi in hannu ya iya, in bai iya ba ya fi ɓantarewar muni.

Lauya ba Lauya ba: Bari in jera yadda ake ja, tunda bil ya riga ya zo. Komai a rubuce, waya ba ta barin shaida. In sun kira, a bi da imel: kamar yadda muka yi magana yau.

Wasiƙar farko gajera ce. Ka ce kana jayayya da cajin, a dakatar da karɓa har a warware, a aiko maka da rahoton ranar ɗauka, rahoton filin ajiya in akwai, asalin hotuna, da bayanin kowane caji da irin gyaran da aka lissafa. Ƙa'idar BVRLA ta ce a sanar da kai caji cikin sati huɗu da ɗaukar mota, tare da hujjar hoto. In sun yi nauyin jiki, dokar kare bayanai ta ba ka damar neman duk abin da suke riƙe da shi a kanka, kyauta, su amsa cikin wata ɗaya.

Wasiƙa ta biyu, abu-abu. Wannan na yarda, ga dalili. Wannan bai kai iyaka ba, ga awo. Wannan babu shi ranar ɗauka, ga hoto. Wannan akwai shi amma gyaran da aka lissafa ya yi yawa, ga farashi daga gareji biyu. In akwai takardar ranar da aka kawo maka motar, a duba ta, wani tabon da shi ta zo. Yarda da abin da yake gaskiya ba rauni ba ne, shi ke sa mai karantawa ya ɗauki sauran da muhimmanci.

In ba su sauko ba, ka rubuta cewa wannan ƙorafi ne a hukumance. Kalmar na da amfani, don daga nan agogo ke fara bugawa: a yarjejeniyar da hukumar FCA mai kula da harkokin kuɗi ke sa wa ido suna da sati 8 su ba da amsar ƙarshe.

Maman Iman: In amsar ƙarshen ta zo "a'a" fa?

Lauya ba Lauya ba: Ƙofa uku, Hajiya, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai sashen sulhu na BVRLA, kyauta ne, hukuncinsa na ɗaure kamfani amma bai hana ki zuwa kotu ba. Akwai Financial Ombudsman Service, ofishin sauraron ƙorafi kan kamfanonin harkar kuɗi, shi ma kyauta, ba na 'yan kasuwar ba ne, ita ce ƙofar da Abu Ammar ya ce wa Ɗan Kurmi. Kina da wata 6 daga ranar amsar ƙarshe, in ya wuce da wuya a saurare ki. In kin karɓi hukuncinsa ya ɗaure kamfani, in kin ƙi kina nan da 'yancinki. Sai dai yana ɗaukar lokaci, kuma shi ma yakan duba littafin BVRLA a matsayin ma'aunin sana'ar, don haka awon nan dai shi ne.

Ta ukun ita ce injiniya mai zaman kansa wanda ku biyu kuka amince da shi, ya duba hujjojin. Ke za ki fara biyansa, in ya ba ki gaskiya a mayar miki. Amma hukuncinsa na ɗaure ku duka biyu. Ba na ba da shawarar wannan sai caji ya yi nauyi kuma hotunanki sun fi nasu ƙarfi.

Wanda ya ɗauki mota da sunan kamfaninsa mai rajista ya sani, dokar bashin masu saye ta 1974 ba ta rufe shi ba, hanyarsa BVRLA ce ko kotu.

Hajiya Gilasgo: A lura kotun ma ta bambanta. Ƙananan ƙararraki a Ingila da Wels har fam 10,000 ne, nan Sikotland tsarin sauƙaƙe har fam 5,000.

Ɗan Kurmi: Duk na ji. Amma ni da zan ba da shawara, a soke izinin cirar kuɗi a banki, su yi ta rubuto wasiƙa.

Lauya ba Lauya ba: Wannan ce shawarar da ta fi tsada a duk zancen nan. In aka rubuta maka gazawar biya a kundin bashi, shekara 6 take zama. Mai neman bashin gida ko wata motar zai gane kurensa a kan fam 300. A nemi su tabbatar a rubuce cewa sun dakatar da karɓa kuma ba za su kai rahoto ba muddin ana jayayya. In sun ƙi, a biya ɓangaren da aka yarda da shi. In matsin ya yi yawa, ana iya biyan duka a rubuta cewa an biya ne ba don an amince ba, ana ci gaba da ƙorafi. Biya ba ya rufe ƙofar Ombudsman.

Baban Khalifa: Masu PCP da suka mayar da mota tun kafin wa'adi fa, duk ɗaya ne?

Lauya ba Lauya ba: Da ɗan bambanci, Alhaji. Sashe na 99 da na 100 na dokar 1974 sun ba mai PCP ko HP, wato sayen mota da biya kashi-kashi har ta zama tasa, damar ajiye yarjejeniya in ya cika rabin jimillar kuɗin, kuma abin da doka ta ɗora masa shi ne ya kula da motar kulawar da ta dace. Ba ta ce a dawo da ita sabuwa ba. Don haka shekarun motar da tafiyarta na shiga lissafi, musamman in ta hannu ce tun farko: tabon da ke jikin mota mai shekara 7 ba a auna shi kamar na mai shekara 2. Mai PCH ba shi da wannan damar ta rabi. Kuɗin wuce mil kuma ba ɓarna ba ne, lissafinsa daban, a duba mitar da aka rubuta ta yi daidai da hoton dashbod.

Bakanike: Taya ma a ja a kanta in an caji sabuwa fil. Wadda aka mayar ta riga ta ci rabin ranta, ba daidai ba ne a biya kuɗin sabuwa cif. Kuma in an rubuta "ƙasa da iyaka", a tambayi awon nawa ne, a wane layi aka auna. Doka tsakiyar taya take dubawa, kashi uku cikin huɗu na faɗinta, duk zagaye.

Maman Iman: Wanda bai ɗauki hoto ko ɗaya ba ranar fa, Malam? Ya haƙura?

Abu Ammar: Bai haƙura ba, Hajiya, da hotonsu zai yi aiki. Ya nemi rahotannin biyu, ya ware duk wanda ba ma'auni a jikinsa, ya duba tazarar mil tsakanin ɗauka da dubawa. Ya leƙa wayarsa kuma, hoton yara a gaban mota ranar Sallah ko na kyamarar ƙofar gida yakan nuna ƙofar baya lafiyarta ƙalau, da kwanan wata a jiki. Takardar sabis ta ƙarshe ma takan ɗauki awon taya da yanayin jikin mota, a nemo ta a wurin dila.